Daga 142 zuwa 336: yadda muka lissafa marasa lafiyar da gwajin magani ke buƙata

Lokacin da muke tsara gwajin maganin hawan jini a nan Zariya, babu tambayar da ta ci mana lokaci kamar ta yawan mutanen da za a ɗauka. Magungunan sanannu ne, kowane kemis yana da su. Abin da muke son ganowa shi ne ko wani haɗin magunguna ya fi wani sauke awon jini na sama bayan wata shida, ta hanyar raba marasa lafiya rukuni biyu da ƙuri'a, kowane rukuni da nasa haɗin. Takardar tsarin da za a kai wa kwamitin ɗa'ar bincike da hukumar NAFDAC dole ta faɗi adadin mutane, ta kuma nuna yadda aka samo shi, domin a kan wannan adadi ƙarfin gwajin ya rataya. Ma'anar ƙarfin gwaji ita ce: idan da gaske akwai bambanci tsakanin magungunan biyu, sau nawa cikin ɗari gwajin zai iya gano shi?

Abu huɗu muka tsayar kafin a taɓa kwamfuta. Biyu daga ciki ba su ja muhawara ba. Mun yarda da kasadar kashi 5 cikin 100 ta ganin bambanci a inda babu shi, wadda masu lissafi ke kira alfa, kuma mun nemi ƙarfi na kashi 80 cikin 100. Kada a raina abin da 80 ɗin nan yake nufi. Ko komai ya tafi daidai, gwaji ɗaya cikin biyar irin namu zai wuce maganin da ke aiki bai gan shi ba.

Na uku shi ne ya raba kan likitoci: bambancin maki nawa ya isa a ce an canza wa mara lafiya magani? Wasu sun ce maki 10 a awon sama. Masana zuciya suka ce wannan buri ne, domin tsakanin haɗi biyu da dukkansu suna aiki da wuya a ga irin wannan tazara. Hujjarsu gwajin CREOLE, wanda Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta aka wallafa a 2019. An ɗauki mutum 728 a ƙasashe shida na Afirka, kuma haɗe-haɗen da ke ɗauke da amlodipine sun fi wanda ba shi da shi da kusan maki 3 kacal. Muka tsaya a kan maki 5, duk da mun san cewa ko shi ɗin akwai kyakkyawan zato a cikinsa.

Na huɗu shi ne warwatsuwar awo, wato yadda sakamakon mutane yake nisa da juna a cikin rukuni ɗaya. A ba mutum goma magani iri ɗaya, wani jininsa zai sauka da maki 25, wani da 8, wani ma ya hau. Wannan hayaniyar ce take rufe muryar maganin. Ma'auninta muka sa 15, bayan mun duba gwaje-gwajen da aka wallafa da katunan asibitin da za a yi aikin. Katunan asibiti suna da yaudara a nan, don ma'aikata da yawa suna kai awo zuwa sifili mafi kusa, 148 ta zama 150, 143 ta zama 140.

Lissafin kansa gajere ne. A jadawalin masu lissafi, alfa na kashi 5 yana ba da 1.96, ƙarfi na kashi 80 yana ba da 0.84. A haɗa su, 2.8 ke nan. A ninka ta da kanta, a sake ninkawa biyu, a sami kusan 15.7. Sai a raba warwatsuwa da bambancin da ake nema, 15 a raba da 5, a sami 3, a ninka ta da kanta ta zama 9. Idan aka ninka 15.7 sau 9 za a sami 141 da ɗoriya, saboda haka mutum 142 a kowane rukuni, 284 gaba ɗaya. Mun sake bi da manhajar G*Power ta ba mu 143, domin ita tana yin ɗan gyaran da lissafin hannu ba ya yi.

Abin da ya kamata duk mai shirin gwaji ya riƙe shi ne wancan ninkawa da kai. Da mun yarda da maki 10, mutum 36 sun isa kowane rukuni. Da mun nemi maki 2.5, sai 566. Duk sa'ad da aka rage bambancin da rabi, adadin mutane yana ninkuwa huɗu. Nan ne jarrabawar take: a ce kuɗin da ke hannu na mutum 80 ne, sai a koma a ƙara girman bambancin a takarda har lissafi ya faɗo kan 80. Takarda za ta yi kyau, kwamiti zai iya wucewa da ita, amma maganin bai karanta takardar ba, bambancinsa na gaskiya yana nan yadda yake. Gwajin mutum 36 a rukuni, idan ainihin bambancin maki 5 ne, ƙarfinsa bai kai kashi 30 cikin 100 ba.

Sannan 142 ɗin nan ba waɗanda suka sa hannu a takardar amincewa ba ne. Su ne waɗanda awonsu na wata shida ya shigo hannunmu. A CREOLE, cikin 728 da aka ɗauka, 621 ne aka samu awonsu na ƙarshe, asarar kusan kashi 15 cikin 100. Muka ɗauki wannan a matsayin namu hasashen. Kuskuren da muke yawan gani a takardun ɗalibai shi ne a ƙara kashi 15 a kan 142 a sami 164. Idan kashi 15 na 164 suka ɓace, 139 za su rage, an gaza. Daidai shi ne a raba 142 da 0.85, a sami 168 a kowane rukuni. Ta haka muka iso 336.

Akwai wata asarar da ba ta bayyana a rajista, ita ce ta wanda yake zuwa asibiti a kan lokaci amma ba ya shan maganin, ko yana haɗawa da wani da ya saya a kemis. A ƙa'ida kowa ana lissafa shi a rukunin da ƙuri'a ta jefa shi, ko ya sha ko bai sha ba, don haka irin waɗannan suna sirka bambancin kamar an zuba ruwa a nono. Idan kashi 10 cikin 100 suka bar magani, bambancin maki 5 ya koma 4.5, kuma 142 ta koma 176. Idan kashi 20 ne, ta koma 222. Wannan ya sa muka sa ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kowace ziyara, muka kuma sa tambaya kai tsaye a kan zoɓo da tafarnuwa da jiƙe-jiƙe, ba don a hana kowa ba, don a rubuta.

Daga nan muka juya lissafin zuwa kwanaki. Mutum 336 cikin wata 12 na nufin 28 a wata. Muka yi hasashen cewa cikin mutum huɗu da aka tantance ɗaya ne zai shiga, wato sai an tantance 1,344, kimanin 112 a wata. Asibitin hawan jini kwana biyu yake zama a mako, saboda haka mutum 14 a kowace ranar zama. Tantance mutum ɗaya da bayanin amincewa yana cin fiye da rabin sa'a idan za a yi shi tsakani da Allah, wanda ke nufin ma'aikaci ɗaya ba zai iya ba. A wannan layin na lissafi ne aka ƙara ma'aikaciyar jinya ta biyu a kasafin kuɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu gwajin magani suna da wata magana da ake jingina wa likitan Amurka Louis Lasagna, cewa da zarar an buɗe gwaji sai masu cutar su ɓace, ranar da aka rufe su dawo. Kowa a zauren taro zai rantse cewa masu hawan jini sun cika asibiti, kuma gaskiya ne. Amma a ɗauki rajistar tantancewa a bi ta layi-layi. Wannan yana da ciwon ƙoda, an cire shi. Wannan tana da juna biyu, ko tana neman samu, kuma rukunin magungunan su lisinopril da perindopril haramun ne ga mai ciki. Wannan ya riga yana shan magani uku. Wannan daga Soba yake zuwa, ya ce ba zai iya ziyara biyar ba. Wannan awonsa ya yi sama a layi, da ya zauna ya huta minti biyar sai ya sauko ƙasa da iyakar shiga. Matsalar ba ta nan kaɗai ba ce. Wani nazari da aka wallafa a 2006 a kan gwaje-gwaje 114 a Birtaniya ya gano cewa kashi 31 cikin 100 ne kawai suka cika adadin da suka tsara tun farko.

Ɗakin amincewa shi ne wurin da adadin ke samuwa ko ya zube. Ma'aikaciyar jinya tana zaune da wata dattijuwa, takardar Hausa a gabansu, ta karanta mata har inda aka ce za a ɗebi jini sau uku. Dattijuwar ta gyara mayafi ta ce, "Jinin nan ina za ku kai shi?" Ma'aikaciyar ta ɗauko kwalbar ta miƙa mata ta riƙe, ta ce, "Hajiya, cokalin shayi ɗaya ne, ga iyakarsa. A nan ɗakin gwajin za a duba lafiyar ƙodarki, sakamakon kuma a hannunki za mu ba ki." Ta juya kwalbar, ta ce, "To 'yar nan, sai na shawarci Malam." Amsar da ta dace ita ce a ba ta takardar ta tafi da ita, a sa mata rana, a kuma ce idan maigidan yana son zuwa ya ji da kunnensa ƙofa a buɗe take. Sa hannun nata ne ita kaɗai, amma wadda aka matsa wa ta sa hannu yau ba tare da gida ya sani ba, ita ce wadda ba za a sake gani ba a wata na biyu. Mutumin da ya ƙi tun farko bai rage mana komai ba sai lokaci. Wanda ya shiga ƙuri'a sannan ya ɓace ya tafi da gurbi ɗaya, ya kuma bar shakka a kan sakamakon.

Tambayar dattijuwar tana da tushe, kuma ya wajaba a girmama ta. Mutanen Arewa ba su manta gwajin Trovan da aka yi a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau ba, inda aka sa yara 200, aka yi shekaru ana shari'a a kan batun amincewar iyaye, har kamfanin Pfizer ya yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Duk wanda ya zo da takardar gwaji a ƙasar Hausa yana shigowa ne a bayan wannan tarihi. Saboda haka muka fara da masu unguwanni da limamai kafin a ɗauki mutum na farko, muka kuma yi wa gwajin rajista a kundin gwaje-gwaje na Afirka, PACTR, inda kowa zai iya ganin adadin da muka yi alkawari.

Kalandar gari ma tana cikin lissafi. Da damina ta kankama, manoman Giwa da Kudan da Makarfi ba za su bar gona don awon jini ba. Bayan girbi 'yan ci-rani su kama hanya. Azumi yana canza lokacin shan magani da cin abinci da barci, don haka muka guji sa awon wata shida na mutane da yawa a cikinsa. Maniyyata aikin hajji suna iya yin wata guda ko fiye ba sa nan, gara a tambaya tun ranar tantancewa. Kuɗin mota ya tashi sosai tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuma kuɗin da ake mayar wa mai zuwa dole ya bi farashin yau, ba na ranar da aka rubuta kasafi ba. Yajin aiki kuwa yana iya rufe asibiti makonni, shi ya sa muka nemi izini tun farko na yin awo a gida idan hakan ta faru. Kowane mai shiga muna karɓar lambar waya uku, tasa da ta mutum biyu na kusa, da kwatancen gida irin na Zariya: bayan masallacin kaza, kusa da mai niƙa, gida na uku mai baƙar ƙofa.

A bangon ofis muka manna takarda mai layi biyu, ɗaya na adadin da ya kamata a kai kowane mako, ɗaya na wanda aka kai. A gefenta muka rubuta abin da kowane gibi zai jawo, da warwatsuwa 15 da bambanci 5. Idan aka kammala da mutum 142 a rukuni, ƙarfi kashi 80. Da 120, kashi 73. Da 100, kashi 65. Da 70, kashi 50, daidai da jefa kwabo sama. Da 50, kashi 38. Ta ɗaya gefen, 190 yana ba da kashi 90, 284 kuma kashi 98. Wato ninka 142 biyu maki 18 kawai yake ƙarawa, amma rage ta da rabi yana zubar da maki 30. Gwajin da ya tsaya a rabin hanya ya ɗebi jinin mutane, ya ci kuɗin motarsu da ranakun kasuwarsu, sannan ya ba da amsar da ba ta fi canki-canka ba. A ganinmu wannan batun amana ne kafin ya zama batun lissafi.

Warwatsuwa tana iya yin irin wannan ɓarnar ko da an cika adadi. Idan muka ce 15 ta fito 18, mutum 142 ƙarfinsu ya sauka zuwa kashi 65, kamar an rasa mutum 42 a kowane rukuni, kuma sai an kai 204 kafin a dawo 80. Wani ɓangare na warwatsuwa daga jikin mutane yake, ba yadda za a yi da shi. Wani ɓangaren kuwa daga hannunmu yake, kuma gyaransa ya fi neman ƙarin mutane araha nesa ba kusa ba. Na'urar awo iri ɗaya mai sarrafa kanta a duk ziyara. Mutum ya zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba hira. Ba goro, ba sigari, ba shayi rabin sa'a kafin awo. Ɗamarar hannu girma uku, domin ƙarama a kan babban dantse tana ɗaga awo. Awo uku da tazarar minti ɗaya, a ɗauki matsakaicin biyun ƙarshe, a rubuta lambar yadda ta fito. Haka nan idan aka sa awon ranar farko a cikin lissafin ƙarshe, ana cire wani kaso na hayaniyar. Da dangantaka ta 0.5 (a ma'aunin da 0 ke nufin babu alaƙa, 1 kuma cikakkiyar alaƙa) tsakanin awon farko da na ƙarshe, buƙata tana sauka da kashi 25 cikin 100, daga 142 zuwa 107. Ba mu rage adadinmu saboda wannan ba, mun bar shi a matsayin guzuri.

Duk wannan a kan awo ne mai lamba, wanda kowane mutum yake ba da nasa. Idan abin da ake ƙirgawa mutuwa ce ko shanyewar ɓarin jiki, lamarin ya fi haka nauyi, domin ƙarfin yana bin yawan waɗanda abin ya faru da su, ba yawan waɗanda aka ɗauka ba. Gwajin AQUAMAT da aka wallafa a 2010 ya kwatanta allurar artesunate da kwinin a kan yara 5,425 masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a ƙasashe tara na Afirka, har da Ilori. Mutuwa ta kasance kashi 8.5 cikin 100 a rukunin artesunate, 10.9 a rukunin kwinin. Gano tazara irin wannan da ƙarfin kashi 80 yana buƙatar yara kusan 2,400 a kowane rukuni. Da asibiti ɗaya ne ya yi shi da yara 200, ƙarfin ba zai kai kashi 10 cikin 100 ba, kuma mai yiwuwa a rubuta cewa magungunan biyu ɗaya suke. Gwajin WOMAN na maganin tranexamic ga mata masu zubar jini bayan haihuwa, wanda asibitocin Nijeriya suka ba da kaso mai yawa a cikinsa, an tsara shi da mata 15,000, aka ƙara zuwa 20,000 ana cikin aiki, aka kammala da 20,060. Mutuwa ta dalilin zubar jini ta fito kashi 1.5 cikin 100 a rukunin da aka ba maganin, 1.9 a rukunin da ba a ba shi ba.

Matakan da za a ɗauka idan layin ɗauka ya faɗi ƙasa mun rubuta su tun kafin farawa. Na farko a buɗe rajistar tantancewa a ga inda mutane suke zubewa, domin maganin "ba su cika sharaɗi ba" daban ne da maganin "sun ƙi". Sai a duba ko akwai sharaɗin da ba ya kare kowa, kamar iyakar shekaru da aka kwafo daga wata takarda ba dalili. Sai ƙarin ranar zama ko ƙarin cibiya a Sabon Gari ko Tudun Wada, da sharaɗin a yi ƙuri'a daban a kowace cibiya kuma a horar da masu awo tare. Idan za a raba magani asibiti-asibiti maimakon mutum-mutum, lissafin ya canza gaba ɗaya, don mutanen asibiti ɗaya suna kama da juna. Da mutum 30 a kowane asibiti da kamanceceniya ta 0.05, sai a ninka adadin sau 2.45, 142 ta zama 348.

Abin da muka haramta wa kanmu shi ne leƙen sakamako. Idan ana duba bambancin rukunoni lokaci-lokaci da niyyar tsayawa ranar da ya yi kyau, kasadar kashi 5 tana kumbura: leƙe biyu ta kai kusan 8, leƙe biyar kusan 14. Duba na tsakiya aikin kwamiti ne mai zaman kansa, da iyaka mai tsauri irin ta O'Brien da Fleming, wadda a duba biyu take sauke alfa zuwa kashi 0.5 cikin 100 a na farko da kashi 4.8 a na ƙarshe. Abin da ya halatta gare mu shi ne sake auna warwatsuwa ba tare da buɗe rukuni ba. Idan mutum 100 sun kai wata shida, masanin lissafi zai haɗa awonsu wuri ɗaya, bai san wa ya sha me ba, ya fitar da ma'aunin. Idan ya haura 15, a sake lissafin adadi a rubuta wa kwamitin ɗa'a neman ƙari.

Idan kuma duk da haka aka rufe da gibi, rahoton zai faɗi adadin da aka tsara da wanda aka samu, ya kuma ba da iyakokin ƙiyasi maimakon kalmar "babu bambanci". A ce an kammala da mutum 70 a rukuni aka ga bambancin maki 4. Iyakokin za su tashi daga 1 ƙasa da sifili zuwa 9 sama da shi, wato ana iya cewa haɗin da ya yi gaba bai fi ɗayan ba, ana kuma iya cewa ya fi da kusan ninki biyu na abin da muke nema. Wannan bambancin na maki 4 da mutum 142 zai ba da iyakoki daga 0.5 zuwa 7.5. Tun 1978 Freiman da abokan aikinsa suka bi gwaje-gwaje 71 da aka ce ba su ga amfanin magani ba, suka tarar 67 daga ciki ba su da isassun mutanen da za su tabbatar da cewa ba su tsallake ingantuwa ta kashi 25 cikin 100 ba. Sakamakon da ya gaza adadi muna ajiye shi da cikakkun lambobinsa, matsakaici da warwatsuwa da yawan kowane rukuni, yadda wanda zai haɗa shi da na Kano ko na Kaduna zai iya amfani da shi.